Allurar da Ba a Kwantar Ba

Duk layin babu wanda ya san shi da wani suna sai Kar-Ka-Taɓa. Ya samo shi ne tun yana gyaran rediyo da talabijin a wani ɗan shago da ke ƙarƙashin matakalar bene, inda ko mai rediyo ne ya miƙa yatsa zai nuna masa wajen da ke ba shi matsala, sai ya ji an daka masa tsawa. Sunan bai taɓa ɓata masa rai ba. Amsawa yake yi, har da ɗaga hannu.

Mutum ne da Allah bai hore wa zama ba. A tsaye yake shan shayi, a tsaye yake sauraron labarai, kuma in baƙo ya zo, sai baƙon ya gaji da juya wuya yana bin sa da ido daga taga zuwa ƙofa. Matarsa ta taɓa saya masa kujera mai hannu a shekarar da suka yi aure. Bayan shekara arba'in kujerar tana nan kamar jiya aka kawo ta, ba ta san nauyin kowa ba sai na wankin da ake jibgawa a kanta.

Ita matar aikin buga takardu take yi a wani ofishin inshora. Can suka haɗu, ranar da aka kira shi ya duba fankar da ta ƙi juyawa. Yakan ce kafin ya ga fuskarta yatsunta ya fara ji, suna zuba a kan tafireta ba tsayawa ba tuntuɓe, ita kuwa idonta na kan takardar da take kwafa, ko sau ɗaya ba ta dubi madannan ba. Fankar da za a gyara cikin minti goma sai da ta ci kwana uku. Tun daga lokacin yake kiranta Sakatare, tana ce masa ita ba sakatare ba ce, shi kuma ko a jikinsa.

Kwamfutar ta shigo gidan ne saboda tsoro. Ofishin ya ba da sanarwa za a kwashe tafiretoci a kawo kwamfutoci, wanda bai iya ba kuma ya san inda ƙofa take. Sakatare ta dawo gida ta kasa cin abinci. Washegari Kar-Ka-Taɓa ya rufe shago, ya bi gari lungu-lungu, har ya samu wani malamin lissafi da zai bar garin yana sayar da tasa. Gida uku ce: akwatin ƙarfe mai nauyin buhun siminti, allo mai ƙeya kamar talabijin, sai kibod mai manyan madannai da ke amsawa ƙas-ƙas in an taɓa. Kafin malamin ya bari a ɗaga ta, sai da ya buga wata kalma mai harafi huɗu a baƙin allon, ya jira, sannan ya kashe. Ya bayyana masa cewa a cikin akwatin akwai faifan da ke riƙe da duk abin da aka rubuta, da wata 'yar allura da ke shawagi a samansa tana karantawa. In za a motsa kwamfutar, ko da taku ɗaya ne, dole a fara ba ta wannan umarni, allurar ta koma gefe ta kwanta. In ba haka ba, jijjiga kaɗan ta isa ta sa allurar ta karce faifan, shi ke nan an yi asarar komai.

Kar-Ka-Taɓa ya riƙe wannan magana gam. Abin da bai yi ba shi ne gaya wa wani. Sakatare kaɗai ta sani, ita ma don tana tsaye a wurin ne.

Wanda bai ga irin waɗannan kwamfutoci ba ba zai gane abin da ya sa mutum zai so su ba. Sai ka zura hannu ta baya ka lalubo makunni. Fanka ta tashi, lambobi su yi ta ƙirga kansu a kusurwar allo, sannan ta yi 'yar ƙara sau ɗaya, fit. Daga nan allo ya yi baƙi ƙirin, babu hoto babu launi, sai wata 'yar alama tana ƙifta ido tana jiran ka. Ba ta roƙon ka komai, ba ta tallata maka komai, ba ta tambayar ko kana son ta sabunta kanta. Ka faɗa mata daidai ta yi, ka yi kuskuren harafi ɗaya ta ce ba ta gane ba, ta ci gaba da jira. Kar-Ka-Taɓa yakan ce wannan ita ce na'ura mai tarbiyya. Wayoyin yanzu kuwa, da ke kuka a aljihu ba a taɓa su ba, yakan ce da 'ya'yansa ne da tuni ya gyara musu zama.

A kan wannan baƙin allo Sakatare takan buga haruffa biyu, sai allon ya koma shuɗi, fili fetal na rubutu ya buɗe. Cikin wata guda ta fi kowa a ofishinsu. Yaran gida kuma, su uku, suna da rabin awa ranar hutu, bayan an duba hannuwansu an tabbatar a wanke suke. Akwai wani wasa na maciji da ke ƙara tsawo in ya ci ɗigo, wanda Auta ta sha kuka a kansa. Uban yana tsaye a bayansu tun daga farko har ƙarshe, yana sauya ƙafa. Shi ke kunnawa, shi ke kashewa. In za a share ƙarƙashin teburin, sai ya kori kowa daga ɗakin, ya yi abin da zai yi, sannan ya kira su su kama masa.

Shekaru suka wuce da abinsu. Ofishi ya koma kwamfutoci masu hotuna da linzami, Sakatare ta koya ba don tana so ba, har ta yi ritaya. Shagon ƙarƙashin matakala ya zama wurin sayar da rigunan waya, domin mutane sun daina gyara rediyo, jefarwa suke yi. Manyan yaran biyu aiki ya kai su nesa. Auta ta auri wani mutumin kirki mai sanyin murya, wanda ke kula da ɗaruruwan kwamfutoci a wani babban kamfani, kowa yana ce masa Injiniya. Tsohuwar kwamfuta kuwa tana nan a kusurwar falo, cikin rigar da Sakatare ta ɗinka mata. Duk ƙarshen mako Kar-Ka-Taɓa yakan tuɓe mata rigar ya kunna ta, wai don kada jininta ya daskare. 'Ya'yan suna dariya, suna ce mata yayarsu.

Shekara biyu da suka wuce Sakatare ta faɗi a kicin. Shanyewar ɓarin jiki ce. Ta tashi, amma ƙafar dama ta ƙi ɗaukarta, hannun dama ya kasa riƙe biro, magana kuma ta tafi gaba ɗaya. Tana ji, tana ganewa, idonta yana nan da kaifinsa, amma in ta buɗe baki babu abin da ke fita sai iska. Auta ta kawo mata waya mai faɗi, Injiniya ya kawo kwamfutar cinya sabuwa dal. Ta dubi hotunan da ke tsalle a kansu, ta shafa madannan nan marasa tudu, ta ture. Wata huɗu gidan ya yi shiru, sai takun Kar-Ka-Taɓa daga falo zuwa kicin, daga kicin zuwa falo.

Wata safiya ya kunna tsohuwar kamar yadda ya saba. Da ta yi fit ɗin nan, sai ya ji ana buga hannun kujera a bayansa. Sakatare ce, tana nuna teburin da haɓa. Ya tura kujerarta mai taya har gaban allon, bai san me take nufi ba. Ta ɗora hannun hagu a kan kibod, ta kamo na daman da shi ta ɗora, yatsun suka laluba suka samu gurbinsu. Haruffa biyu. Allo ya koma shuɗi. A hankali, da kurakurai, ta rubuta cewa sukarin da yake zuba mata a shayi ya yi yawa.

Wata huɗu ke nan tana shan shayin da ba ta so. Kar-Ka-Taɓa ya yi dariya har ya dafa bango, daga nan dariyar ta juye kuka, ya shige banɗaki ya rufe ƙofa. Likitan da suka gaya wa ya ce wani lokaci yatsu sukan tuna hanyar da harshe ya manta, kuma tun da sun samu abin da ke aiki, kada su canza komai.

Ba su canza ba. Kullum da safe sai an kunna, a jira lambobi, a jira fit, a jira shuɗin allo, sannan Sakatare ta yi magana. In aka tsallake ɗaya, yatsun ba sa tashi. Ta nan take faɗin inda ke mata ciwo, ta nan take tambayar jikoki, ta nan take yi masa faɗa in ya sa riga ba guga. Shi yana karantawa daga tsaye, ta saman kafaɗarta, wani lokaci ma ya karanta rabi ya tafi kicin ya dawo ya ƙarasa. Bai taɓa goge ko harafi ɗaya ba. Duk maganar da ta yi a shekara biyu tana cikin faifan nan. Auta ta sha roƙon sa ya bar mijinta ya kwafe rubutun ya adana a wani wuri, amsar kuma kowa ya san ta tun kafin ya buɗe baki.

Matakala ce ta kore su daga gidan. A hawa na uku suke, kuma duk ranar asibiti sai an nemo maƙwabta biyu sun sauko da Sakatare a kujera kamar kaya, tana runtse ido don kunya. Auta ta samo musu ɗakuna biyu a ƙasa, kusa da gidanta. Ya yi gardama wata guda, ya yarda. Mako ɗaya kafin tashin bai bar kowa ya huta ba. Ya ɗaure kwali ya kwance, ya auna ƙofa ya sake aunawa. Game da kwamfuta dai ya yanke hukunci shi kaɗai a ransa: ita ce za ta fita ƙarshe, a tasi, a kan cinyarsa.

Ranar tashi da safe ya kunna wa Sakatare, ta rubuta a tuna da tukunyar furenta da ke taga. Masu kwasar kaya suna hawa suna sauka. Nan ya lura kwalin da ya tanadar wa kwamfutar ba shi da soso a ciki. Ya ce wa Auta minti goma, zai je wurin mai katifa a ƙarshen layi ya dawo. Ya tarar mai katifa bai buɗe ba, maƙwabcinsa ya ce ya ɗan jira, yanzun nan zai zo. Da wani ne, da ya jira. Kar-Ka-Taɓa kuwa ya tsaya minti biyu ƙafafunsa suka fara ƙaiƙayi, ya wuce shago na gaba, ba su da mai kauri, ya tsallaka titi zuwa na uku. Minti goma ya zama awa guda.

A gida direban motar kaya ya fara danna ham. An kwashe komai, saura teburin kusurwa. Injiniya, wanda shekara takwas yake neman abin da zai yi surukinsa ya ce madalla, ya ga dama ta samu. Kuma ya yi aikin da kyau, wannan ba a ƙwace masa ba. Ya adana rubutun Sakatare na safiyar a cikin faifan, ya kashe kwamfutar ta baya, ya manna wa kowace waya salatif da lamba don kada a rikita, ya naɗe akwatin a bargo, ya sauko da shi hawa uku a ƙirjinsa, ya sa shi tsakanin katifu biyu. Kwamfutocin da ya sani duk da kansu suke kwantar da allurarsu, tun kafin ya shiga makaranta aka daina wannan wahala. Sakatare ta yi ta buga hannun kujera tana kama rigarsa. Auta ta durƙusa ta rungume ta tana lallashi, a zatonta baƙin cikin barin gida ne.

Kar-Ka-Taɓa ya hawo da sosonsa a hammata, ya tarar da falo wayam. Motar ta riga ta tafi, ta hanyar nan mai ramuka. Ya dubi kusurwar, ya dubi matarsa, ya ga yadda take kallonsa.

"Ka kwantar da allurar?" ya tambayi Injiniya.

"Wace allura, Baba?"

Tsawar ta taso masa har maƙogwaro. Auta ce ta riga shi, ba da ɗaga murya ba. "Baba, wa ka taɓa gaya wa? Shekara talatin korarmu kake yi daga ɗakin."

Ya ajiye soson a ƙasa, ya sake ɗauka, ya rasa inda zai kai shi.

A sabon gidan, tun ba a shimfiɗa gado ba ya haɗa wayoyin, yana bin lambobin da Injiniya ya manna, abin da ya ƙara masa takaici don sun sauƙaƙa masa aikin. Ya zura hannu ta baya. Fanka ta tashi, lambobi suka ƙirga, ta yi fit. Sai wani sauti ya biyo baya daga cikin akwatin, ƙat, ƙat, ƙat, kamar ana ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a ciki. Layi ɗaya ya fito da Turanci cewa ba a samu faifai ba. Ya kashe ya kunna sau bakwai. Ya zazzage akwatin tsofaffin faya-fayan nan masu laushi da ake zurawa ta gaba, ya tarar fumfuna ta cinye su tun ba yau ba.

Injiniya, da idonsa ya yi ja, ya ce akwai hanyar da za a sa sabuwar kwamfuta ta kwaikwayi tsohuwar, har da shuɗin allon, a nemo mahaɗin da zai karɓi wannan kibod ɗin. Zai ɗauki makonni. Rubutun shekara biyu kuwa bai yi alkawari ba. Kar-Ka-Taɓa ya ji shi, ya sa takalmi ya fita.

Kwana uku yana yawo. Ya shiga kasuwar tsofaffin kayan lantarki rumfa-rumfa yana kwatanta faifan da hannu, masu shaguna suna kiran junansu su zo su ji abin da tsoho ke nema. Ya je gidan wani abokin sana'arsa na da, aka ce ya rasu bara. In ya dawo ba ya iya haɗa ido da Sakatare. Ya kawo mata shayi, ya tsaya, ya fita, ya dawo ya ɗauke kofin. Ita kuma ta koma kallon bango kamar watannin nan huɗu na farko. Tsoro yake ji, tsoro na gaske, cewa 'yar ƙofar da ta rage mata ta rufe, kuma ya san ba Injiniya ne ya rufe ta ba.

Rana ta huɗu da safe ya sake kunnawa, ba don yana sa rai ba, hannunsa ne kawai ya saba. Da ta yi fit, ya ji bugun hannun kujera.

"Ta mutu, Sakatare," ya ce. "Ba abin da zai fito."

Ta ci gaba da bugawa har ya tura ta gaban teburin. Ta ɗora hannun hagu, ta kamo na dama ta ɗora. Ta buga haruffanta biyu, ta jira. Allon bai koma shuɗi ba. Ya kasa kallo, ya juya zai nufi ƙofa, sai ta daki teburin da ƙarfin da bai san tana da shi ba. Ya waiwayo. Ba allon take kallo ba, shi take kallo. Yatsunta suka motsa, ƙas, ƙas, sau biyar. Ta tsaya. Ta sake, a hankali fiye da na farko, idonta a kansa.

A karo na uku ya sauke ido kan hannuwan. Yatsun da ya fara ji kafin ya ga fuskarta, shekara arba'in yana wucewa ta bayansu. Ƙaramin yatsan hagu ya sauka layin ƙasa, ya hau layin tsakiya. Manunin dama, mai rauni, ya miƙa sama da ƙyar, ya dawo ƙasa. Ƙaramin yatsan hagu kuma. Ya haɗa haruffan a bakinsa ɗaya bayan ɗaya.

Zauna.

Kujerar mai hannu tana jingine da bango, da kwalin kwanuka a kanta. Ya sauke kwalin, ya jawo ta gefen matarsa, ya zauna. Daga tsaye ba a ganin wane madanni yatsa ya taɓa, sai an sauko daidai da hannun, an kuma yi haƙuri. Ta ci gaba. Yana faɗin kowane harafi a fili, in ya yi kuskure ta ɗan mari bayan hannunsa ta sake. Layin farko ya ɗauke su kusan minti goma, kuma cewa ta yi ba laifin mijin Auta ba ne. Layi na biyu gajere ne, bai sha wahalar karanta shi ba.

"Na sani," ya ce. "Laifina ne."

Ya share fuska da hannun riga. Daga inda yake zaune ya ɗaga murya ya kira Auta, wadda ke jera kaya a kicin, ya ce ta gaya wa mijinta in ya tashi aiki ya zo da sukundirebobinsa, Injiniyan ne zai buɗe akwatin da hannunsa, kuma ya zo da takarda don akwai abubuwan da za a gaya masa ya rubuta. Auta ta leƙo, ta ga ubanta a kujera, ta tsaya da faranti a hannu ta kasa komawa.

Ƙafarsa ta fara rawa, ya yunƙura zai tashi ya ɗora ruwan shayi. Sakatare ta dafe masa gwiwa da hannun hagu, ta mayar da hannun kan kibod. Ba ta gama magana ba, sai ya koma ya zauna.